Baƙuwa da Mai Masauki: Musayar Fayiloli Tsakanin Kwamfuta da Kwamfutar Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Garin Aliero ya daɗe da yin suna a kan abubuwa biyu, watau noman albasa da ɗorin karaya. A shekarar 2006 ya sami na uku, yayin da Gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a cikinsa. Tun daga lokacin, yaran Sabiyal da Jega da Maiyama da sauran garuruwan da ke kewaye suka sami damar karanta ilmin kwamfuta ba tare da sun yi nisa da gida ba.

To, amma samun gurbin karatu dabam, samun kayan aiki dabam. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da albasar rani suka saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, guda ɗaya ce tak yake da ita, kuma galibi da babbar manhajar Windows take zuwa. Da karatu ya yi nisa sai a buƙaci ya koyi aiki da Linux, alhali ba shi da halin sayen kwamfuta ta biyu. Shi ma ma'aikacin gwamnati yana da irin tasa matsalar. Sau da yawa akan sami wata tsohuwar manhajar lissafi ko ta adana sunayen ma'aikata wadda ba ta tashi sai a kan Windows XP ko Windows 7, ga shi kuwa kamfanin Microsoft ya daina kula da ta farko tun watan Afrilu 2014, ta biyun kuma tun watan Janairu 2020. Mafitar da mutanen nan biyu sukan samu iri ɗaya ce: su girka kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfutar da suke da ita.

Da zarar an yi haka, tambayar da takan fara tasowa ita ce, ta yaya fayil zai fita daga wannan ya shiga waccan? Wannan tambaya ce za a yi ƙoƙarin amsawa a cikin wannan lacca. Abin da za a nuna kuwa shi ne, amfanin kwamfutar kwaikwayo ya rataya ne a kan katangar da ta raba ta da kwamfutar da ke ɗauke da ita, kuma kowace hanya ta musayar fayil ƙofa ce da aka huda a jikin wannan katanga. Saboda haka wajibi ne faɗin ƙofar ya yi daidai da kayan da za su wuce ta cikinta.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kwamfutar kwaikwayo kwamfuta ce wadda ba ta da gangar jiki. Wata manhaja ce ta musamman, wadda ake kira haifabaiza, take gutsuro wani kaso na ƙarfin kwamfuta ta ainihi, watau wani ɓangare na furosesa da na ƙwaƙwalwar aiki da na faifan ajiya, ta haɗa su ta ba su siffar kwamfuta cikakkiya. A cikin wannan siffa sai a girka kowace irin babbar manhaja, ita kuwa ta ci gaba da aiki a kan zaton ita kaɗai ce a cikin na'urar. Daga cikin manhajojin da ke wannan aiki akwai VirtualBox da VMware Workstation da Hyper-V da KVM.

Masana wannan fanni suna kiran kwamfuta ta ainihi da sunan mai masauki, ta kwaikwayo kuma baƙuwa. Wannan suna bai zo wa Bahaushe da baƙunta ba, domin tsarin gidansa ya riga ya tanadi matsayin kowane ɗayansu. Falken da ya zo cin kasuwar Jega, a zaure ko a shagon ƙofar gida akan sauke shi. Yana cin abincin gidan, yana shan ruwan gidan, amma ba ya ƙetare zaure ya shiga cikin gida, balle ya san inda rumbu yake. Idan za a ba shi tuwo, yaro ne zai fito da kwano, in ya gama a mayar. Haka baƙuwar kwamfuta take. Tana cin wutar mai masauki da ƙarfinta, amma ba ta ganin fayilolinta ko ɗaya. Faifan ajiyar da baƙuwa take gani kamar nata, a wajen mai masauki wani ƙaton fayil ne guda ɗaya, mai ƙarewa da haruffa irin su VDI ko VMDK ko VHD. Wannan rashin ganin juna da gangan aka yi shi, don idan cuta ta kama baƙuwa, ko ɗalibi ya yi kuskure ya lalata ta wajen gwaji, ɓarnar ta tsaya a zaure.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Mutane da yawa suna ɗauka wannan dabara sabuwa ce, alhali ta haura shekara hamsin. Kamfanin IBM ne ya fara ta a cibiyar bincikensa da ke Kambirij ta Jihar Masacusets a Amurka, inda tsarin da ake kira CP-40 ya fara aiki a 1967. A 1972 kamfanin ya fito da VM/370. Dalili kuwa shi ne tsada: a wancan zamani kwamfuta guda takan cika ɗaki, sai aka nemi yadda mutane da yawa za su yi aiki da ita a lokaci ɗaya, kowa yana ganin kamar tasa ce. A 1974 wasu masana biyu, Gerald Popek da Robert Goldberg, suka rubuta sharuɗɗan da na'ura za ta cika kafin a iya raba ta ta wannan hanya.

Ƙananan kwamfutoci na kan tebur sun daɗe ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, sai da kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, ya sami dabarar kewaye matsalar, ya fito da manhajarsa a 1999. Daga baya masu ƙera furosesa suka gyara abin tun daga tushe, Intel a 2005, AMD kuma a 2006. A watan Janairu 2007 wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya saki VirtualBox kyauta. Kamfanin Sun Microsystems ya saye Innotek a 2008, shi kuma Oracle ya saye Sun a 2010. Wannan kyauta ce ta kawo dabarar manyan kamfanoni har ɗakin kwanan ɗalibi.

Ita ma musayar fayil ta hanyar sadarwa tana da nata tarihin. A 1971 Abhay Bhushan ya rubuta ƙa'idar FTP. A 1983 Barry Feigenbaum na IBM ya tsara SMB, wadda Microsoft ya ɗauka ya mayar da ita harshen da kwamfutocin Windows ke raba fayiloli da shi. A 1984 kamfanin Sun ya fito da NFS domin kwamfutocin Unix. A 1992 wani ɗalibi a Ostireliya, Andrew Tridgell, ya saki manhajar da daga baya aka sa wa suna Samba, wadda ta koya wa Unix da Linux jin harshen SMB. A 1995 kuma Tatu Ylönen na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro SSH, wadda ke lulluɓe duk abin da aka aika cikin sirri. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan ƙa'idoji an yi su ne don kwamfutocin da ke nesa da juna. Da kwamfutar kwaikwayo ta yaɗu, sai aka ga ai su ɗin ne dai za su yi aiki, ko da yake kwamfutocin biyu a cikin akwati ɗaya suke.

4.0 Matsayin Baƙuwa a Hanyar Sadarwa

Kafin kwamfutoci biyu su yi musayar fayil ta hanyar sadarwa, dole kowace ta sami lambar adireshi, kuma ya zamana akwai hanya tsakaninsu. Haifabaiza takan ƙaga wa baƙuwa katin sadarwa na kwaikwayo, sa'an nan ta bar wa mai kwamfuta zaɓin yadda zai haɗa shi. Zaɓi uku ne suka fi muhimmanci, za a kuma kawo misalansu daga VirtualBox, da yake ita ta fi yawa a hannun ɗalibai.

Na farko shi ne wanda ake kira NAT, kuma shi ne baƙuwa take zuwa da shi in ba a canza ba. A nan baƙuwa tana fakewa ne a bayan mai masauki, kamar baƙon da ke aika wasiƙa da adireshin mai gidansa, amsa ma ta hannun mai gida take zuwa. Baƙuwa takan sami lamba 10.0.2.15, tana kuma iya isa ga mai masauki ta lamba 10.0.2.2. Tana iya fita intanet, amma babu wanda zai fara ƙwanƙwasa mata ƙofa daga waje, har da ita kanta mai masaukin, sai in an yi wata doka ta musamman, alal misali a ce duk wanda ya zo ƙofa mai lamba 2222 ta mai masauki a miƙa shi ƙofa mai lamba 22 ta baƙuwa.

Na biyu shi ne haɗin gada. A nan baƙuwa tana karɓar adireshinta kai tsaye daga na'urar da ke raba sadarwa a ofis ko a makaranta, ta zama kamar mai gidan kanta a cikin unguwa. Wannan yana da sauƙi, domin kowa yana iya isa gare ta. Haɗarinsa ma ke nan. Duk wanda ke kan wannan sadarwa, ko a ɗakin karatu ne ko a sakatariya, yana ganinta. Bugu da ƙari, adireshin yana iya canzawa duk lokacin da aka koma wata sadarwar, in kuwa babu sadarwa sam, baƙuwa ba za ta sami mai ba ta adireshi ba.

Na uku shi ne haɗin cikin gida, watau wanda ya tsaya tsakanin mai masauki da baƙinta kawai. Haifabaiza takan shimfiɗa wata 'yar hanya wadda ba ta fita ko'ina. Mai masauki takan ɗauki lamba 192.168.56.1, baƙi kuma su fara daga 192.168.56.101. Ba a buƙatar intanet, ba a buƙatar waya, kuma na waje ba ya gani. Ga wanda musayar fayil kaɗai yake so, wannan ya fi dacewa. In kuma yana son baƙuwa ta riƙa fita intanet, yana iya ba ta kati biyu, ɗaya na NAT don fita, ɗaya na cikin gida don musaya.

Akwai wata al'ada da ya kamata a ambata a nan. Wanda bai san waɗannan hanyoyi ba yakan aika wa kansa fayil ta imel ko ta ma'ajiyar intanet daga mai masauki, sa'an nan ya shiga baƙuwa ya sauke shi. Ke nan fayil ya bar Aliero, ya bi turken sadarwa ya tafi wata ma'ajiya mai nisa, ya sake dawowa cikin akwatin da ya fito. An biya kuɗin data sau biyu, hawa da sauka, a kan tafiyar da ba ta kai taku ɗaya ba. In fayil ɗin na ofis ne, an kuma bar kwafinsa a hannun wasu.

5.0 Hanyoyin Miƙa Fayil

Hanya ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce jakar tarayya ta haifabaiza. Mai kwamfuta zai ware jaka guda a cikin mai masauki, a ce ya sa mata suna aiki, ya shaida wa haifabaiza cewa baƙuwa tana iya ganinta. Sharaɗi shi ne a girka wa baƙuwa wasu ƙananan manhajoji na taimako, waɗanda VirtualBox ke kira Guest Additions, VMware kuma VMware Tools. In baƙuwa Windows ce, za ta ga jakar a \\vboxsvr\aiki. In Linux ce, galibi a /media/sf_aiki take bayyana, a VMware kuwa a ƙarƙashin /mnt/hgfs. Ko da yake a ido tana kama da jakar da aka raba ta hanyar sadarwa, haƙiƙa ba ta bin katin sadarwa, haifabaiza ce da kanta take miƙa kwanon. Saboda haka tana aiki ko da an yanke wa baƙuwa sadarwa baki ɗaya. Wurin da sababbin ɗaliban Linux suka fi tuntuɓe shi ne izni: jakar tana nan amma ta ƙi buɗuwa, har sai an sa sunan mai amfani a cikin rukunin da ake kira vboxsf, ya fita ya sake shiga.

Hanya ta biyu ita ce SMB. A nan ɗaya daga cikin kwamfutocin za ta buɗe jaka ga sadarwa, ɗayar kuma ta shiga da suna da kalmar sirri ta ƙofa mai lamba 445. Windows tana zuwa da wannan a jikinta, Linux kuwa sai an girka mata Samba in ita ce za ta raba. Fa'idarta ita ce baƙi da yawa suna iya shiga jaka ɗaya, kuma abin da ɗalibi ya koya a nan shi zai tarar a ofis ranar da ya kama aiki. Akan sami cikas idan katangar tsaro ta Windows ta ɗauki hanyar cikin gida a matsayin sadarwar jama'a ta toshe ƙofar. Maganin wannan shi ne a buɗe ƙofar ga wannan hanya kaɗai. Kashe katangar gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don gaggawa, daidai yake da cire ƙyauren gida saboda makulli ya yi tauri.

Hanya ta uku ita ce NFS, wadda ta fi dacewa idan kwamfutocin biyu Linux ne. Ta huɗu kuma ita ce SSH, inda ake kwafar fayil ɗaya bayan ɗaya ta ƙofa mai lamba 22, ba tare da an bar wata jaka a buɗe ba. Ga wanda musayarsa jefi-jefi ce, wannan ita ce ƙofa mafi ƙanƙanta. Akwai kuma jawo fayil da linzami daga taga zuwa taga, da miƙa wa baƙuwa filash. Game da filash, a sani cewa ba ta zama wuri biyu a lokaci ɗaya, in baƙuwa ta karɓe ta sai ta ɓace wa mai masauki, kuma in tsarin FAT32 gare ta ba ta ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4.

6.0 Abin da Ke Samun Rubutun Hausa a Hanya

Fayil yana iya isa lafiya amma abin da ke cikinsa ya sauya kama, kuma rubutun Hausa yana cikin waɗanda wannan ya fi shafa. Tun cikin shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko. Tsarin Unicode ya ba kowannensu lambarsa tun farkon shekarun 1990, kuma tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana rubuta kowane ɗaya da bayit biyu. Linux da UTF-8 take aiki. Amma tsofaffin manhajojin Windows da yawa suna karatu ne da wani tsohon tsari mai suna Windows-1252, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai, yake kuma ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Idan irin wannan manhaja ta buɗe fayil ɗin da aka rubuta a Linux, sai ƙasa ta koma Æ™asa, Ɗanjuma ya koma ÆŠanjuma. Wannan yana gyaruwa matuƙar ba a sake adana fayil ɗin a gurguje ba, domin lambobin suna nan, karatun ne ya karkace. Wanda ba ya gyaruwa shi ne idan aka adana rubutun da tsohon tsarin, domin ba shi da gurbin ƙugiya, sai ya maye kowace da alamar tambaya ko wani harafi na dabam. A cikin littafin albashi, wannan yana iya sa sunan ma'aikaci ya saɓa da wanda ke banki.

Matsala ta biyu ta zubin haruffa ce. Kafin Unicode ya yaɗu, masana sun ƙera wa Hausa zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, kuma an buga littattafai da kundaye masu yawa da irin waɗannan. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu haruffa ko alamomin da Hausa ba ta amfani da su, a zana masu ƙugiya a kansu. Idan kundi ya ƙetara zuwa baƙuwar da ba a girka mata wannan zubi ba, sai asalin abin da aka buga ya fito fili, a ga qasa da xaya da vera a maimakon ƙasa da ɗaya da ɓera. Fayil bai lalace ba, rigar ce aka bari a ɗaya gidan.

Matsala ta uku ta sunayen fayiloli ce. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a suna, Linux kuwa tana bambantawa, don haka Rahoto da rahoto fayil biyu ne a Linux, amma in suka haɗu a jakar Windows ɗaya yana iya danne ɗaya. Windows kuma ba ta yarda da alamar tambaya ko ruwa biyu ko tauraro a cikin suna ba. Ita kuwa alamar nan da ake rubuta 'ya'ya da 'yanci da ita, a layin umarni na Linux ana ɗaukarta mabuɗin zance ce, sai umarni ya tsaya yana jiran a rufe shi. Hanya mafi lafiya ita ce a bar sunan fayil da haruffa marasa ƙugiya da lambobi, a adana cikakkiyar ƙa'idar rubutu don abin da ke ciki.

7.0 Haɗarin Buɗaɗɗiyar Ƙofa

A ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta ɓarke a duniya. Aikinta shi ne ta kulle fayilolin mutum ta nemi fansar dala 300. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati har aka soke ganin likita kimanin 19,000. Hanyar da ta bi ita ce wani rauni a cikin tsohon zubin SMB, ta wannan ƙofa mai lamba 445 da aka ambata. Microsoft ya riga ya fitar da gyara tun watan Maris na shekarar, amma waɗanda ba su ɗauka ba, da masu tsofaffin Windows, su abin ya ci.

Darasin da ke nan ga ma'aikaci a fili yake. Wanda ya ajiye Windows XP a matsayin baƙuwa don wata tsohuwar manhaja, ya ajiye wadda ba ta jin wani harshen musaya sai wannan tsohon zubi na SMB. In ya haɗa ta da gada, ya tsayar da marar rigakafi a tsakiyar kasuwa. In kuma ya kunna wa mai masauki tsohon zubin don su fahimci juna, ya raunana gidan saboda baƙuwa. Abin da ya dace da irin wannan baƙuwa shi ne a cire mata katin sadarwa ɗungurungum, a bar ta da 'yar jakar tarayya guda.

Ita ma jakar tarayya ba a sake jiki da ita. A wajen baƙuwa jaka ce kamar kowace, don haka duk cutar da ke kulle fayiloli za ta kulle abin da ke cikinta. Wanda ya raba faifansa duka don gudun wahala, ya miƙa makullin rumbu ke nan. Har wa yau, a 2008 masu bincike na kamfanin Core Security sun nuna wani rauni a jakar tarayya ta VMware wanda ke ba baƙuwa damar zarce jakar da aka ware mata ta taɓa sauran fayilolin mai masauki. An gyara wannan, amma ya nuna cewa ita kanta haifabaiza tana buƙatar sabuntawa.

Akwai wani kuskuren fahimta kuma game da hoton ajiya, watau dabarar nan da haifabaiza ke ɗaukar halin da baƙuwa take ciki don a iya komawa gare shi in abu ya ɓaci. Hoton yana rufe faifan baƙuwa ne kaɗai. Abin da ke cikin jakar tarayya na mai masauki ne, in an goge shi ya tafi, komawa hoto ba zai dawo da shi ba. A ɗaya gefen kuma, aikin da aka bari a cikin baƙuwa bayan ɗaukar hoto yana ɓacewa in aka koma. Daɗin daɗawa, da yake faifan baƙuwa fayil ɗaya ne, ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata shi, ta tafi da kundin digiri na shekara guda. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ba a ajiye dukiya a ɗakinsa.

Ga ma'aikacin gwamnati, maganar ta wuce ta asara ta kai ga doka. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki, ta kuma ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu da bayanan marasa lafiya duk suna ciki. Jakar da aka buɗe ga kowa a kan sadarwar ofis ba tare da kalmar sirri ba, sakaci ne da amanar jama'a.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo ƙa'idoji kaɗan. Da farko, a ware jaka guda ƙarama don musaya, kada a raba faifai duka ko jakar da ta ƙunshi dukan takardun mutum. Na biyu, in baƙuwa karatu kawai za ta yi, a ba ta iznin dubawa ban da na rubutu, domin haifabaiza da SMB duk sun tanadi wannan zaɓi. Na uku, in za a bi ta hanyar sadarwa, a fifita haɗin cikin gida a kan haɗin gada, a kuma sa kalmar sirri. Na huɗu, tsohuwar babbar manhajar da aka daina kula da ita kada ta ga sadarwa. Na biyar, ainihin aiki ya zauna a wajen mai masauki, tare da kwafi na biyu a wani faifai da ba ya manne da kwamfutar. Na shida, rubutun Hausa a adana shi da UTF-8, a kuma buɗe shi a duba bayan ya ƙetara.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sayen wani abu. Ɗalibin Sabiyal mai kwamfuta ɗaya yana iya tayar da baƙi biyu ko uku, gwargwadon ƙarfin na'urarsa, ya koyi Samba da NFS da SSH a ɗakinsa ba tare da ya kashe ko kwabo a kan data wajen musayar ba. Ma'aikacin da ke Jega ko Maiyama yana iya ci gaba da aiki da tsohuwar manhajarsa har ranar da za a sauya ta, ba tare da ya jefa bayanan ofis cikin haɗari ba. Abin da ake nema a wajensu shi ne, duk lokacin da za su buɗe wata hanya tsakanin kwamfutocin biyu, su tsaya su tambayi kansu abu uku: mene ne zai wuce, wane ne kuma zai iya bi ta nan, yaushe za a rufe. Allah Ya sa a dace.